Shekarar da Nasiru Ya Kori Aminu

Kun girma, kowa ya yi nasa gida, kuma duk kuna riƙe da labari ɗaya game da rabuwar autana Nasiru, Allah ya jiƙansa, da abokinsa Aminu ɗan Hajiya Luba. Abin da kuka riƙe shi ne Aminu ya samu karatu a ƙasar waje, ya ga ya fi ƙarfin zama da mara lafiya, ya tafi bai waiwayo ba. Ba haka aka yi ba. A shekarar babu ɗayanku a gida. Magaji yana Legas wajen harkar shanu, Abu tana ɗakin mijinta a Tudun Wada, Buhari yana bautar ƙasa. Ni kaɗai nake nan Unguwar Rogo tare da shi, ni na ji abin da aka faɗa, kuma ni na zaɓi in yi shiru.

Kun san katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan Hajiya Luba, kun kuma san da sikila aka haifi Nasiru. Abin da wataƙila ba ku lura da shi ba, saboda kun girme su nesa, shi ne yadda Aminu ya ɗauki ciwon nan kamar nasa. Tun suna firamare, in ciwon ya tashi a aji, shi ke goyo shi har ƙofar ɗakina, ya koma ya ɗauko jakunkunansu. Ya san ruwan da ya kamata Nasiru ya sha, ya san ba a barin shi ya yi wanka da ruwan sanyi, ya san launin da idonsa ke komawa kafin ciwon ya kayar da shi. Da suka isa samari aka gano jininsu iri ɗaya ne, daga nan duk lokacin da likita ya ce a nemo jini ba na ma fita nema. Mutanen unguwa in za su yi wa yaransu faɗa da Aminu suke misali. Ni da mahaifiyarsa kuwa tun muna amare muke tare. Ita ta riƙe ni a haihuwar Nasiru, ita ta zauna da ni har na fita takabar mahaifinku.

Shekarar da nake magana a kanta, sun gama sakandare suna zaman jiran jami'a. Magaji ya aiko wa Nasiru tsohuwar kwamfutarsa, Aminu kuma ya samo musu wani katun na mutanen Japan, irin wanda suke kira anime. In an yi la'asar sai su shimfiɗa tabarma ƙarƙashin rumfar tsakar gida su kunna, ni ina gefe ina feɗe naman kilishi, sana'ar da na riƙe gidan da ita bayan rasuwar mahaifinku. Da farko haushi abin yake ba ni. Samari masu gemu a haɓa suna kallon zanen yara masu manyan idanu, ana ihu da wani yare da ba wanda ya iya. Amma Nasiru ba ya iya kallon abu shi kaɗai. Yana karanta rubutun Turancin da ke fitowa a ƙasa yana juya mini shi da Hausa, ko na tambaya ko ban tambaya ba. A haka har na wayi gari in sun makara ni ke tambayar ko yau ba za a kunna ba.

Labarin wasu yara biyu ne a wani garin masunta a bakin teku. Ban taɓa iya riƙe sunayensu ba, sai na sa musu Dogo da Gajere, su ma yaran suka bi ni da haka. Tare suka tashi, tare suka sassaƙa wani ɗan kwalekwale tun suna ƙanana, suka yi alkawarin ba mai barin wani. Da suka girma sai aka zaɓi Dogo ya je babban birni ya koyi tuƙin manyan jiragen ruwa, Gajere kuwa ba a ɗauke shi ba, kuma ga mahaifinsa ya tsufa. Dogo ya ce ya fasa tafiya. Ana haka wata safiya Gajere ya ɗauki gatari, a gaban mutanen gari, ya farfasa kwalekwalen nan, ya ce wa Dogo bai taɓa ƙaunarsa ba, ya gaji da zama a inuwarsa. Dogo ya hau jirgi ya tafi ko sallama babu.

A nan kallo ya tsaya, gardama ta fara. Sun fi mako suna yin ta, ba su ci gaba da kallon ba. Aminu ya tsaya a kan cewa hassada ce kawai. Ya ce duk wanda ya lura zai ga tun suna yara in an yabi Dogo sai Gajere ya kau da kai, kuma ranar da aka kira sunayen waɗanda aka ɗauka an nuna shi yana matse hannunsa har ya yi fari. Abin da ke cikinsa ne tun tuni ya fito. Nasiru ya ce Aminu bai iya kallo ba. Ya mayar da hoton baya ya tsayar da shi daidai inda Gajere ke ɗaga gatarin, ya nuna mana cewa ba a nuna fuskarsa ba, bayansa kawai aka nuna, kuma da gangan masu zanen suka yi haka don kada a ga yana kuka.

"Ya san in bai yi mai haka ba, ba shi tahiya," in ji Nasiru. "Da lallashi ba shi tahiya. Sai ya ƙi shi tukuna."

"To mi ya hana shi hwaɗa mai gaskiya?" in ji Aminu. "Aboki na gaske ba shi wulakanta ka gaban mutane wai don shi taimake ka."

Da suka gaji sai suka juyo kaina, wai in raba su. Na ce ni ban ga abin da ya hana duka biyun su zama gaskiya ba. Mutum yana iya son abokinsa har ransa, kuma yana jin zafin ganin komai shi ake ba. Suka yi mini dariya, suka ce Inna ta ƙi ɓata wa kowa. Na ci gaba da aikina. Ban ɗauki maganar da wani nauyi ba, hirar katun ce.

Da damina ta kama, takardar Aminu ta fito. An ba shi gurbin karatun injiniya a Indiya, komai a ɗauke masa. Nasiru ma ya samu shiga jami'a a nan Sakkwato. Mun yi murna gida biyu. Amma kafin a gama murnar sanyin ruwan sama ya tayar wa Nasiru da ciwo, irin wanda ban taɓa gani ba, ya kama shi a ƙirji. Mun daɗe a asibiti. Aminu ya ba da jini, ya kwana a barandar ɗakin marasa lafiya, ya bar zuwa Abuja wajen takardun tafiya har aka kira shi a waya ana tambayar ko yana so ko ba ya so. Ranar da aka sallame mu, shi ya ɗauko Nasiru a babur yana tafiya a hankali kamar ya ɗauko ƙwai.

Bayan kwana biyu Hajiya Luba ta shigo da hantsi, ta zauna a bakin ƙofar ɗakina. Ta daɗe tana zagaye-zagaye kafin ta ce Aminu ya sanar da su ya fasa tafiya, zai nemi jami'ar nan gida. Ta ce mahaifinsa ya yi faɗa, ya yi lallashi, yaron ya ce in ya tafi wa zai riƙa kai Nasiru asibiti. Tana magana hawaye na zubo mata. Ta ce ita ba ta iya buɗe baki ta ce wa ɗanta ya bar Nasiru, domin Nasiru ma ɗanta ne, amma wannan dama ba ta dawowa. Na ce mata zan yi wa Aminu magana da kaina. Duk a zatonmu Nasiru barci yake a ciki. Tagar ɗakin a buɗe take, ba mu lura ba.

Na yi wa Aminu maganar a ranar. Ya saurare ni da ladabi har na gama, ya ce shi ya riga ya yanke, karatu ko'ina karatu ne. Na san shi. In ya yi irin wannan sanyin muryar, ba mai juya shi.

Ranar Juma'ar da ta biyo, bayan an sauko daga masallaci, Hajiya Luba ta kawo wa Nasiru kunun gyaɗa, ga maƙwabta mata biyu sun shigo duba shi, yana kishingiɗe ƙarƙashin rumfa. Aminu ya shigo da magungunan da ya karɓo, ya durƙusa yana ware masa na rana da na dare. Ɗaya daga cikin matan ta fara sa masa albarka kamar yadda aka saba, tana cewa samun aboki irinsa sai an tona. Sai Nasiru ya tashi zaune, ya sa hannu ya ture ledar maganin ta zube a ƙasa. Bai ɗaga murya ba, kuma da ya ɗaga da ya fi mini sauƙi.

"Aminu, ka ishe ni. Tun muna yara da ciwona kaka cin suna. In babu ni, wa zai ce maka yaron kirki? Kana son in zauna kwance kullum, kai kana tsaye ana yabon ka. Jininka da ke jikina ma da ana iya cire shi da na maido maka. Tashi ka ba ni wuri."

Na ga fuskar Hajiya Luba ta sauya. Aminu ya tsaya a durƙushe yana kallon sa, kamar yana jiran ya yi dariya. Nasiru ya juya ya fuskanci bango. Aminu ya tsince ƙwayoyin maganin ɗaya bayan ɗaya, ya mayar cikin leda, ya ajiye kusa da ni, ya fita. Mahaifiyarsa ta bi bayansa, ko kwanon kunun ba ta ɗauka ba.

Da gidan ya watse na shiga wajensa da nufin in yi masa faɗan da ban taɓa yi masa ba. Na tarar ya cusa fuskarsa cikin matashi yana kuka. A nan na tuna gatari da kwalekwale. Na ce masa wato abin da ya gani a katun shi ya kwaikwaya. Ya ce ba kwaikwayo ba ne, shi dai bai ga wata hanya ba. Ya ce ya ji duk abin da Hajiya Luba ta faɗa, kuma ba zai iya rayuwa yana kallon Aminu a Sakkwato yana sanin shi ya tsare shi ba. Na tambaye shi ko abin da ya faɗa har zuciyarsa ne. Sai ya ce:

"Inna, ke kinka ce duka biyun na iya zama gaskiya."

Sannan ya kama hannuna ya roƙe ni kada in gaya wa kowa, ko Hajiya Luba, domin in ta sani Aminu zai gani a fuskarta, in kuwa ya gani ba zai tafi ba. Na yi masa alkawari. Na yi tunanin abu ne na ɗan lokaci. Na ce a raina bari yaron ya hau jirgi, in ya zauna da gindinsa a can sai a warware komai.

Washegari Hajiya Luba ta aiko a kira ni. Ba ta yi faɗa ba. Ta ce ta san zafin ciwo yana sa mutum faɗin abin da bai yi niyya ba, abin da take so kawai Nasiru ya shigo ya ce wa ɗan'uwansa ya yi haƙuri, a wuce wurin. Ta ce Aminu bai ci abinci ba tun jiya. Ina zaune a kan tabarmarta, matar da ta san duk wani sirrina, na ce mata yara ne, a bar su su sasanta kansu. Ta dube ni ta ce, "Haka kinka ce?" Na ce haka na ce. Ta ce to Allah shi kyauta. Daga ranar ba ta ƙara leƙowa ta katanga ta kira sunana ba. Muna gaisawa in mun haɗu a biki ko rasuwa, gaisuwar mutanen da suka san juna kawai.

Aminu ya tafi kafin ƙarshen damina. Ya shigo ya yi mini sallama, ya durƙusa na sa masa albarka. Ya dubi ƙofar ɗakin Nasiru, labulen a sake, ba wanda ya ɗaga shi. Nasiru na ciki yana jin mu.

Lokacin da na ce za a warware bai taɓa zuwa ba. Da Aminu ya zauna a can na ce wa Nasiru to yanzu sai ya kira shi. Ya ce a bari ya gama shekarar farko, kada ya baro karatun ya dawo. Da shekara ta cika ya ce a bari ya gama gaba ɗaya. Aminu ya yi ta aiko masa saƙo a waya a watannin farko, Nasiru bai amsa ko ɗaya ba, har Aminu ya daina. Daga baya na gane ba tsoron dawowar Aminu kaɗai ke hana shi ba. Kunya ce. Ya san a cikin maganar da ya faɗa akwai wadda ba ta ƙarya ba ce, kuma bai san yadda zai janye rabi ya bar rabi ba. Ku kuma da kuka zo hutun salla kuka tarar ba Aminu, kuka tambaya, Nasiru ya ce ya tafi abinsa, ni na yi shiru, kuka ƙarasa labarin da kanku. A shekarun nan in ciwo ya tashi ɗan acaɓa nake kira, jini kuwa sai mun bi 'yan'uwa da maƙwabta. Bai taɓa yin ƙorafi ba.

Wata rana na tarar da shi shi kaɗai yana kallon katun ɗin nan. Na tambaye shi yadda aka ƙare, ko an bayyana dalilin Gajere. Ya ce ba a bayyana ba. Dogo ya dawo bayan shekaru da kayan matuƙan jirgi, suka haɗu a bakin ruwa, suka gaisa, suka yi hirar kifi da iska, kowa ya kama gabansa. Na ce wannan wane irin ƙarshe ne. Ya ce shi ma da farko ya ji haushi, amma yanzu yana ganin masu zanen sun san mutane.

Yana shekarar ƙarshe a jami'a Allah ya karɓi abinsa. Wannan kun sani, kuna nan. Hajiya Luba ta shigo tun kafin a fita da shi, ta zauna kusa da ni har aka share makoki, tana karɓar gaisuwa kamar ita ta haife shi. Ranar da za ta koma gida na riƙe mayafinta na gaya mata komai. Ta saurara har ƙarshe, ta ce Allah ya gafarta masa, yaro ne mai zurfin ciki. Sai ta ce da na gaya mata tun a lokacin, da ta iya riƙewa, ai ita ma uwa ce. Mun koma muna shiga gidan juna, amma ba kamar da ba.

Aminu bai samu zuwa ba sai bayan wata biyu. Ranar kuna zaune a zaure, Magaji da Buhari. Ina jin sallamarsa daga ciki, ina jin yadda kuka amsa. Ba wanda ya matsa masa a tabarma. Na ji Buhari yana cewa ashe ana tunawa da mu. Na so in fito, amma ban fito ba. Ya shigo wajena, ya zama babban mutum har da tabarau, ya durƙusa inda ya saba durƙusawa. Na fara ba shi labarin, ya dakatar da ni.

"Inna, na sani. Tun ina tsintar maganin nan na sani. Mun yi mako muna gardamar abin ga, ta yaya ba ni ganewa?"

Na ce to me ya sa ya tafi, me ya sa ya daina nemansa. Ya ce ya tafi ne don ya ga abin da Nasiru ya yarda ya yi wa kansa don ya tafi ɗin, in ya zauna ya mayar da shi banza. Amma maganar cin suna ta zauna masa, domin da ya bincika zuciyarsa ya tarar lallai yana jin daɗin yabon da ake yi masa, kuma bai taɓa tambayar Nasiru yadda yake ji in ana yabon ba. Ya ce ya yi ta jira ya gama karatu ya dawo su zauna su yi maganar ido da ido, irin maganar da ba a yi a waya. Saura 'yan watanni ya gama aka kira shi aka sanar da shi rasuwar.

Da zai tafi ya ce yana son a nuna masa kabarin. Ni mace ce, ban san inda kuka sa shi ba. Na aika a gaya muku, Magaji ya ce yana da uzuri a kasuwa, Buhari ya tashi ya shiga ɗaki. Ladanin masallacin unguwa ne ya raka shi. Ban ga laifinku ba, abin da aka bar ku da shi kuka yi aiki da shi. Amma yanzu kun ji. Hajiya Luba ta ce mini Aminu zai zo babbar salla da iyalinsa. Magaji, kai ka sa ƙanenka a kabari da hannunka. In Aminu ya zo, ina son ka shiga gidansu ka kira shi, ku tafi tare, ka nuna masa wurin da kanka.